Tsirkiya a Matsayin 'Yar Amshi: Nazarin Faifan Hound Dog Taylor na 1971

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin waƙoƙin baka sun daɗe da sabawa da wata hanya ta aiki, watau a ɗauki waƙa a rikoda, a rubuta kalmominta a takarda, sa'an nan a zauna a fitar da jigonta da salonta da zubi da tsarinta. Hanya ce mai amfani ƙwarai, kuma da ita aka gina yawancin abin da muke koyarwa a yau. Sai dai tana da giɓi guda, domin abin da ganga ko tsirkiya ta faɗa ba ya hawa takarda. Da zarar an gama rubutu, makaɗi ya koma marubuci, kayan kiɗansa kuma sun yi shiru.

A wannan takarda muna so mu auna girman wannan giɓi ta hanyar duba wani faifai daga Amurka, wanda kalmominsa ba su da yawa amma kiɗansa ya cika kunne. Faifan shi ne Hound Dog Taylor and the HouseRockers, wanda kamfanin Alligator na birnin Shikago ya fitar a shekarar 1971. Kiɗan da ke cikinsa shi ne irin wanda baƙaƙen fatar Amurka ke kira buluz. Tambayoyi uku za mu bi. Ta farko, idan aka ajiye kalmomi a gefe, me ya rage da mai nazari zai kama? Ta biyu, shin yawan aro daga magabata yana rage darajar makaɗi? Ta uku, me ɗakin ɗaukar sauti yake yi wa kiɗan da aka haifa a wurin rawa?

2.0 Makaɗin da Zamaninsa

An haifi Theodore Roosevelt Taylor, wanda aka fi sani da laƙabin Hound Dog, a garin Natchez na jihar Misisifi a shekarar 1915. A shekarar 1942 ya koma Shikago. Wannan ƙaura ba tasa ce shi kaɗai ba, domin daga wajejen 1910 zuwa 1970 baƙaƙen fata kimanin miliyan 6 suka baro jihohin kudu, suna gudun wariyar launin fata da wahalar noman auduga, suka nufi biranen arewa da na yamma neman aikin masana'antu. Da su kiɗan buluz ya shiga birni, kuma a birni ne aka haɗa jita da lantarki domin a ji ta a cikin hayaniyar mashaya.

Taylor ya yi shekaru yana aikin ƙarfi da rana, yana kiɗa da dare, kafin ya koma ga kiɗa ɗungurungum a wajejen 1957. Ya fitar da ƙananan faya-fayai a 1960 da 1962, ya kuma je Turai a 1967 cikin ayarin makaɗan buluz, amma duk wannan bai fitar da sunansa daga unguwannin baƙaƙen fata na Shikago ba. Lokacin kuwa bai taimake shi ba. Kamfanin Vee-Jay ya durƙushe a 1966, an sayar da kamfanin Chess a 1969, matasan baƙaƙen fata kuma sun karkata ga sababbin kaɗe-kaɗe, suna ganin buluz kiɗan iyaye ne da ke tuna musu da kudu.

A wannan hali ne wani matashi, Bruce Iglauer, ma'aikaci a kamfanin faya-fayai na Delmark, ya ji Taylor a wata mashaya mai suna Florence's a kudancin birnin, inda yakan yi kiɗa ranar Lahadi. Ya nemi maigidansa ya ɗauki makaɗin, bai yarda ba. Sai ya ɗebi kuɗin gado, dala 2,500, ya kafa nasa kamfanin domin wannan faifai kaɗai. An yi ɗaukar a cikin darare biyu, kuɗin ɗakin ɗauka ya tashi dala 900, aka fara buga kwafi 1,000. A shekarar farko an sayar da kimanin kwafi 9,000. Ke nan, faifan farko mai cikakken tsawo na wannan makaɗi ya fito ne bayan ya haura shekara 55 da haihuwa, kuma shekara huɗu kacal suka rage masa, domin ya rasu a watan Disamba na 1975.

3.0 Kayan Kiɗa da Dabarar Zamiya

Ƙungiyar mutum uku ce: Taylor da jita da waƙa, Brewer Phillips da jita ta biyu, Ted Harvey da ganguna. Babu jitar nan mai kaurin murya wadda aka saba gani a irin wannan ƙungiya, babu fiyano, babu abin busa. Phillips ne yake kaɗa tsirkiyoyinsa masu kauri ya toshe gurbin, idan kuma ya ɗauki jagoranci sai Taylor ya sauko ya riƙe masa gindi. Jitar Taylor mai araha ce, ƙirar Japan, na'urarsa ta ƙara sauti kuma yakan buɗe ta har ƙarshe, ta yadda sautin yake fita a dushe, yana tsagewa.

Domin a fahimci faifan, wajibi ne mu bayyana dabarar da za mu kira zamiya. A wuyan jita akwai ƙananan ƙarafa da aka gicciya, waɗanda za mu kira matakai. Makaɗi na yau da kullum yana danna tsirkiya a bayan mataki, sai ta ba da sauti ƙayyadadde. Daga wannan mataki zuwa na gaba tsalle ake yi, babu tsayawa a tsakani. Mai zamiya kuwa yana zura ɗan bututun ƙarfe ko wuyan kwalba a yatsansa, ya ɗora shi a kan tsirkiya ba tare da ya danna ta ƙasa ba, ya riƙa zamewa da shi gaba da baya. Da haka duk sautukan da ke tsakanin matakai suke buɗe masa. Yana iya hawa zuwa ga sauti sannu a hankali, ko ya tsaya dab da shi, ko ya karkaɗa hannu sautin ya yi makyarkyata. Muryar ɗan Adam haka take yi idan tana kuka ko kira ko roƙo.

Har wa yau, mai zamiya yakan ɗaure tsirkiyoyinsa shida ta yadda idan aka kaɗa su a sake za su ba da sautuka masu jituwa, abin da za mu kira dami. Idan ya gicciya bututun a mataki na 5 ya sami dami na biyu, a mataki na 7 ya sami na uku, a mataki na 12 kuwa, wanda yake daidai tsakiyar tsirkiya, ya sami na farkon amma a sama. Waɗannan damuna uku su ne duk abin da tsarin buluz yake bukata. Saboda haka dabarar tana da sauƙin farawa, kuma wannan sauƙi shi ya sa bambanci tsakanin gwani da ɗan koyo yake komawa ga nauyin hannu da sanin lokaci.

4.0 Zubi da Tsari

Faifan yana ɗauke da kiɗa 12. Aƙalla huɗu daga ciki, watau "Walking the Ceiling" da "Taylor's Rock" da "Phillips' Theme" da "55th Street Boogie", babu waƙa a cikinsu sam. Mai nazarin da ya dogara ga rubutattun kalmomi ya rasa sulusin faifan ke nan tun kafin ya fara.

Ko a inda akwai waƙa, tsarin ɗangon buluz ya tanadi wuri na musamman ga kayan kiɗa. Ɗango yakan ɗauki awo 12, a kasa shi kashi uku, kowane kashi awo huɗu. A kashi na farko mawaƙi ya faɗi layi guda. A na biyu ya maimaita shi a kan wani dami dabam. A na uku ya kawo layin da ke warware maganar. Amma layin waƙar ba ya cika awo huɗun. Yakan ƙare a wajen rabi, ya bar sauran fili. Wannan fili shi ne wurin amshi. A ƙungiyar makaɗan fada ko na jama'a da muka sani, jagora yana bayarwa 'yan amshi suna karɓa da baki. A nan mutum ɗaya ne jagora kuma shi ne mai amsa wa kansa, sai dai da tsirkiya yake amsawa.

Wannan ya fi fitowa a kaɗe-kaɗen masu tafiyar hawainiya, irin su "Held My Baby Last Night" da "It Hurts Me Too". Muryar Taylor siririya ce, a sama take, tana rawa, kamar ta mai magana cikin gaggawa. Idan ya kai ƙarshen layi sai bututun ya ɗauka daga inda muryar ta tsaya, ya ja sautin ya ƙara masa tsawo fiye da yadda numfashi zai iya. A wani wurin amshin yana maimaita karin layin ne kawai. A wani wurin yana ƙara masa zafi, har ya zamana abin da baki ya faɗa cikin haƙuri tsirkiya ta faɗe shi cikin kururuwa. Ma'anar ɗangon tana tsakanin waɗannan biyu, kuma wanda ya rubuta layin ya bar amshin ya rubuta rabin magana.

A kaɗe-kaɗen rawa kuwa, kamar "She's Gone" da aka buɗe faifan da shi, aikin ya koma ga maimaici. Phillips da Harvey suna riƙe da taki guda ba sa saki, Taylor yana sara gajerun jimlolin kiɗa a kansa, yana komawa gare su sau da yawa da ɗan sauyi kaɗan. Rashin jitar mai kaurin murya ya bar sarari a ƙasan sautin, wanda ya sa ake jin kowane bugu na ganga sarai, ake kuma jin yadda jitocin biyu suke gogayya. Wani lokaci gudun kiɗan yana ƙaruwa kafin a kai ƙarshe. Malamin makarantar kiɗa zai kira wannan kuskure. Wanda ya taɓa tsayawa a dandali ya san cewa idan rawa ta yi zafi makaɗi ba ya tsayawa inda ya fara.

5.0 Jigo

Jigogin faifan ba su fita daga da'irar da aka san buluz da ita ba: rabuwa, kewa, begen mace, da saɓani tsakanin masoya. A "It Hurts Me Too" mai magana yana kallon wadda yake so tana shan wuya a hannun wani, yana gaya mata cewa ciwonta nasa ne. A "Give Me Back My Wig" kuwa, wadda ita ce waƙar da aka fi sanin Taylor da ita, mutum ne soyayya ta ƙare masa, sai ya tashi neman a mayar masa da gashin kanti da ya saya wa matar. Abin dariya ne, amma a ƙarƙashinsa akwai talauci da ƙaramar mugunta irin ta wanda aka yaudara, wanda ba shi da abin ƙwatowa sai kyautar da ya bayar.

Abin lura shi ne yadda kalmomi da kiɗa suke saɓa wa juna da gangan. Baki yana ba da labarin asara, ganga tana kiran mutane su tashi. Masu sauraron Taylor na asali ma'aikata ne da suka yi mako suna aiki, suka zo ranar hutu. Ba su zo a tuna musu da damuwarsu kawai ba, sun zo a ambace ta a gaban jama'a sa'an nan a taka ta da ƙafa. Idan muka tsaya ga kalmomi za mu ce jigon faifan baƙin ciki ne. Idan muka haɗa da kiɗan za mu ga cewa jigon shi ne cin ƙarfin baƙin ciki na ɗan lokaci, kuma wannan jigo ba ya cikin ko ɗaya daga cikin layukan waƙar.

6.0 Matsalar Aro

Babban zargin da ake yi wa Taylor shi ne cewa inuwar Elmore James ce kawai. James, wanda ya rayu daga 1918 zuwa 1963, ya yi fice a salon zamiya da jitar lantarki tun daga waƙarsa "Dust My Broom" ta 1951, inda yake sara sautuka uku-uku a mataki na 12. Zargin yana da tushe. Wannan sara tana ko'ina a faifan Taylor, kuma "Held My Baby Last Night" da "Wild About You Baby" duk daga taskar James suka fito.

Amma idan muka bi salsalar za mu ga cewa James ma magaji ne. "Dust My Broom" ta samo asali daga waƙar da Robert Johnson ya ɗauka a 1936. "It Hurts Me Too" kuwa Tampa Red ya fitar da ita a 1940, James ya sake ta a 1957, sa'an nan ta iso ga Taylor. "44 Blues" tana komawa ga Roosevelt Sykes a 1929. Shi kansa Taylor an ara daga gare shi, domin sanannen kiɗan Freddie King mai suna "Hide Away", wanda ya yi kasuwa a 1961, daga wani kiɗan Taylor aka ɗauko gindinsa. A irin wannan al'ada waƙa gona ce ta gandu, kowa yana noma gefensa.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, me magajin ya yi da gadon? James yana kiɗa da cikakkiyar ƙungiya, da fiyano da abin busa, muryarsa kuma mai ƙarfi ce, tana ɗauke da nauyin waƙar. Taylor ya zubar da duk wannan, ya rage mutane zuwa uku, ya ƙara gudu, ya ƙara dushewar sauti, ya mayar da abin da yake kuka a wurin James ya zama wasa da annashuwa. Wanda ya saurari su biyun a jere ba zai ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya ba.

7.0 Batun Dangantaka da Afirka

Mai sauraro Bahaushe da ya ji zamiya zai iya tuna goge ko kukuma, waɗanda ba su da matakai, sautinsu kuma yana zamewa yana bin murya. Wannan tunani yana da madogara a nazari. Paul Oliver a littafinsa na 1970, da Gerhard Kubik a nasa na 1999, sun nuna cewa idan ana neman kamannin buluz a Afirka, yankin sabana da Sahel, inda ake da mawaƙi guda da abin kiɗa mai tsirkiya da jan murya, ya fi gaɓar teku mai taron ganguna kusa da shi. Ƙasar Hausa tana cikin wannan yanki.

Duk da haka ya kamata mu yi hattara. Ita dabarar zamewa da kwalba ko wuƙa, Kubik ya danganta ta ne da wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya na tsakiyar Afirka, wanda irinsa yara suke yi a Misisifi da waya a jikin bango ko katako. Ga kuma tasirin makaɗan tsibirin Hawai, waɗanda salonsu na zamewa da ƙarfe ya bazu a Amurka musamman bayan baje kolin San Francisco na 1915. Kamanni dai ba shi ne nasaba ba.

Akwai kuma bambanci muhimmi. Hausa harshe ne mai karin sauti, shi ya sa kalangu yake iya faɗin take da kirari, wanda ya sani ya fassara su kalma bayan kalma. Ingilishi ba haka yake ba. Jitar Taylor ba ta furta kalma ko ɗaya. Abin da take kwaikwayo shi ne hawa da saukar murya a lokacin motsin rai. Kalangu yana magana, zamiya tana nishi da shewa, kuma kowanne yana bukatar nasa ma'aunin.

8.0 Raunin Faifan

Ba za mu rufe ido ga nakasun aikin ba. Na farko, kalmomin ba su da zurfin hikima irin ta wasu magabata. Babu siffantawa mai ɗaukar hankali, babu labari mai tsawo. Na biyu, tsarin kaɗe-kaɗen rawan ya yi kama da juna, ta yadda wanda ya zauna a kujera ya saurari faifan daga farko zuwa ƙarshe zai iya ƙosawa a tsakiya. Na uku, akwai wuraren da bututun bai sauka daidai kan sauti ba, kuma ba duka ne za a ce da niyya aka yi ba.

Sai dai rauni na biyu yana nuna mana iyakar faifai ne fiye da iyakar makaɗi. Kiɗan an yi shi domin masu rawa, su ne suke cika abin da maimaici ya bari. Masu ɗaukar sun fahimci haka, shi ya sa suka bar mutanen uku suka yi kiɗa tare a lokaci guda da kayansu na kullum, ba a ɗauki kowa dabam an haɗa daga baya ba, ba a kuma goge kurakurai ba. Da an gyara sautin, an kawo ƙwararru sun cike gurabe, da an sami faifai mai tsabta wanda ba ya shaidar kowa. Abin da aka kasa ɗauka shi ne jama'ar, kuma wannan ne aka nemi cikewa da faifan Beware of the Dog, wanda aka ɗauka a gaban 'yan kallo, ya fito a 1976 bayan rasuwarsa.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa a wannan faifai kayan kiɗa suna ɗauke da rabin ma'ana, a wasu wurare ma dukkanta. Cewa aro a al'adar buluz hanya ce ta gado, kuma ana auna makaɗi da abin da ya sauya. Da kuma cewa ƙimar ɗaukar ta zo ne daga barin kiɗan yadda yake a wurinsa. Tarihi ya goyi bayan wannan zaɓi. Kamfanin da aka kafa domin faifai ɗaya ya ci gaba ya ɗauki Son Seals da Koko Taylor da Albert Collins, ya cika shekara 50 a 2021, an kuma shigar da Taylor cikin jerin gwanayen buluz da ake karramawa a 1984.

Shawararmu ga masu nazarin waƙoƙin baka ita ce, duk wanda zai rubuta waƙa ya riƙa nuna inda murya ta tsaya kiɗa ya karɓa, da tsawon wannan karɓa, da abin da ta yi wa layin da ya gabace ta. Haka kuma wanda zai ɗauki makaɗi ya fifita wurin da ya saba yin sana'arsa, da mutanensa da kayansa. Sa'an nan akwai bukatar mu zauna mu daidaita kalmomin da za mu riƙa bayyana sautin kayan kiɗa da su a Hausa, domin waɗanda muka yi amfani da su a nan, irin su zamiya da dami da mataki, shawara ce da muke gabatarwa ga wannan taro domin a tattauna.